Oga, Yau Ina Rumbun Yake?

Ina da wani hali da abokan sana'a suke yi mini dariya a kansa, kuma ban ga laifinsu ba. Ni mai rubuta manhaja ne, da ita nake ci da iyali, amma na tsani kiran kwamfuta da suna. Ni dai lamba. Ka tashe ni cikin dare ka ce ina rumbun bayanan gwajinmu ya kwana, zan ce maka 192.168.1.104 ido a rufe. Ka ce in faɗi lambar wayar matata, sai na lalubo waya na duba. Ta san da haka, ta kuma adana maganar a inda take adana irinta, wurin da hannu ke saurin kaiwa ranar da aka samu saɓani.

Ga wanda ba ya cikin harkar, mai rubuta manhaja ba ya gwada aikinsa a kan sabar da jama'a suke amfani da ita, sai dai in ya gaji da aikin yana neman a sallame shi. Abin da ake yi shi ne a sa manhaja irin VirtualBox ta yanki wani kaso na ƙarfin laftof ta mai da shi kwamfuta mai zaman kanta, da nata Linux, da nata faifai, da nata katin sadarwa, duk ba na taɓawa da hannu ba amma suna aiki sarai. A ofishinmu kwamfutar ciki muke ce mata. In ka lalata ta ka goge ka sake wata, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ina da su da dama. Ɗaya tana ɗauke da shafin da muke ginawa, ɗaya rumbun bayanai, ɗaya tsohuwar PHP saboda wani kwastoma da ya rantse ba za a taɓa masa kaya ba, ɗaya kuma ni kaina na manta abin da ya sa na kafa ta, tsoron gogewa kawai nake yi.

Kwamfutar ciki ba ta da amfani sai ana iya isa gare ta, isa gare ta kuwa sai da adireshi, wato lambar IP. A nan VirtualBox yana ba ka zaɓi. In ka bar shi yadda ya zo, zai ɓoye ta a bayan laftof ɗinka ya ba ta 10.0.2.15. Ka kafa guda goma, kowacce 10.0.2.15 za ta samu. Lamba ce mai daɗin hadda, sai dai ita ce ke iya fita ta ɗebo abu a intanet, kai ba ka shiga wurinta sai ka huda mata wata ƙofa ta musamman. Akwai na biyu, inda ake haɗa ta da laftof ɗinka kaɗai a wani keɓantaccen layi mai farawa da 192.168.56, wannan ba ruwansa da kowa, amma ba mai ganinta sai kai. Na uku shi ne gada: kwamfutar ciki ta fito fili, ta tsaya gaban rautar ofis kamar kowace kwamfuta, ta ce a ba ta tata lambar. Shi nake bi, domin abokan aiki suna buƙatar rumbun da ke cikin laftof ɗina, ni ma ina son in ga yadda shafi ya zauna a fuskar waya kafin mai shi ya gani. Daga gadar nan wahalata ta samo asali.

Rauta ba ta mallaka wa kowa lamba. Mai gidan haya ce: ta ba ka ɗaki, ta yanka maka wa'adi, a wasu rautocin awa biyu, a wasu kwana guda. Tsarin da ke wannan rabon shi ne DHCP, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a 1993 aka sake gyara ta a 1997. Wa'adi na kaiwa rabi kwamfuta takan koma ta nemi a sabunta mata, kuma yawanci a bar mata ɗakinta. A ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa, mutum sai ya yi wata da watanni lambarsa ba ta motsa ba. Mu kuwa a ɗauke wuta, rauta ta mutu, kafin a ja janareta ta manta wa ta ba wane ɗaki, domin irin namu masu arha ba sa riƙe littafin 'yan haya in sun mutu. Tana farfaɗowa wanda ya riga sallama shi ke da ɗaki. A ofishinmu wayar maigadi ce kullum a kan gaba, don ita ba ta zuwa ko'ina.

Wannan in ina zaune wuri ɗaya ke nan. In na ɗauki laftof na koma gida, gidan hayar ma gaba ɗaya ya canza. Rautar ofis tana rabo daga 192.168.1, 'yar mifin gida daga 192.168.8. In data ta ƙare na jingina da wayar wani, tsofaffin wayoyin Android 192.168.43 suke bayarwa, sababbin kuma sukan zaɓi abin da suka ga dama, iPhone tana kan 172.20.10. Duk lambobin nan daga rukuni uku suke da aka ware tun 1994 don amfanin cikin gida, masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168, kuma kowa a duniya yana da izinin ɗiba. Ma'ana, 192.168.1.104 ɗin da nake taƙama da haddace shi ba nawa ba ne. A daidai lokacin da nake faɗarsa, dubban wayoyi da talabijin a gidajen mutane suna amsa shi.

Ga yadda safiyata take. In ajiye jaka, in kunna kwamfutocin ciki ɗaya bayan ɗaya, fankar laftof ta fara kuka. In buɗe 'yar tagar kowacce, in shiga da kalmar sirri, in buga ip a, in matso da hanci kusa da allo ina neman layin da ya fara da inet, don rubutun tagar ƙanana ne, idona kuma ba na da ba ne. In rubuta lambar a 'yar takardar da na manna da salatif a gefen kibod, in soke ta jiya. Daga nan sai bin duk inda tsohuwar ta maƙale: fayil ɗin da ke gaya wa shafi inda rumbu yake, da alamar da na ajiye a burauza, da manhajar waya da muke gwadawa. Ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Kafin in gama shayin da aka kawo mini ya yi sanyi, ni kuma ina ji a raina na yi aiki.

Kada wani ya ce rashin sani ne. Na san da fayil ɗin hosts, wanda ke /etc/hosts a Linux da Mac, a Windows kuma can cikin C:\Windows\System32\drivers\etc. Layi ɗaya ake rubutawa: lamba, tazara, suna. Daga nan in ka kira sunan, kwamfutarka ta leƙa ta ga lambar. Ina amfani da shi ma, in abin ya motsa mini. Matsalar ita ce fayil ɗin bai san an ɗauke wuta ba. Abin da ka rubuta masa jiya shi zai yi ta maimaita maka har ka mutu. Ni kuma ba na goge tsohon layi, sai in sa masa alamar # a gaba in kashe shi, wai ko zai dawo. In ka buɗe nawa za ka ga layi ya fi tsawon allo, kowanne da ɗan bayani a gefe: "ofis", "gida", "ofis bayan an canza rauta", "gidan surukai", "kada a goge", sai kuma a ƙasansa "kada a goge na gaske".

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san tarihin fayil ɗin nan. A zamanin ARPANET, wadda ta haifi intanet, sunayen duk kwamfutocin da ke haɗe suna cikin fayil guda, HOSTS.TXT, a hannun wani ofishi na Stanford Research Institute da ke Menlo Park a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wata mata, Elizabeth Feinler, wadda aka fi sani da Jake, ita ta shugabanci ofishin daga 1972 har 1989. In jami'arku ta haɗa sabuwar kwamfuta, sai ku buga wa ofishinta waya a lokacin aiki ko ku aika saƙo, a shigar da suna da lamba, sauran jama'a kuma kowa ya riƙa zuwa yana kwafar sabon fayil. A watan Agustan 1981 kwamfutoci 213 ne a lissafi. Bayan shekara biyu sun kai 562, kuma kowa ya ga abin ba zai ɗore ba, don kafin kwafin ya zagaya wani ya canza adireshi. A 1983 Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fito da DNS, inda kowane yanki ke riƙe da nasa sunayen, kwamfuta ta tambaya a ba ta amsa nan take. Duniya ta yi sallama da hanyar Jake kusan shekara 40 ke nan. Ni na tono ta na kawo ofis mai ɗaki biyu, na naɗa kaina Jake, ba ma'aikatanta ba tsarinta.

Na daɗe ina gaya wa kaina lalaci ne, don lalaci aibi ne mai mutunci, kowa yana da nasa. Amma malalaci ba ya ƙara wa kansa aikin rabin awa kowace safiya. Gaskiyar ita ce daɗin abin nake ji. Ƙarfe tara na yi wani zai leƙo ta saman allonsa ya ce, "Oga, yau ina rumbun yake?"

Ba na ko ɗaga kai. "Ɗari da bakwai."

"Shafin fa?"

"Ɗari da goma sha biyu. In ya ƙi, gwada sha uku."

Sai ka ji wani ya ce, "Kai, Oga! Wannan kan naka ai shi ma kwamfuta ne." Ni kuma in ɗan yi gyaran murya in ce, "Haba, sabo ne kawai," alhali zuciyata fari ƙal har azahar. Ranar da na makara, aiki ba ya farawa sai an kira ni a waya. Ina cikin cunkoso, hannu ɗaya a sitiyari, ina karanto lambobi daga ka, ina jin kaina wani ginshiƙi. Ban taɓa tsayawa na lura cewa ni na haƙa ramin da nake alfaharin tsallakar da mutane ba. Ko kuwa na lura na kau da kai. Wannan ya fi kama da ni.

Ba wai ban taɓa yunƙurin gyara ba. Na taɓa kafe wa kowacce lamba ta dindindin daga cikinta, ba sai ta roƙi rauta ba. A ofis abin ya yi kyau. Da na je gida, inda komai ke kan 192.168.8, sai suka zauna shiru riƙe da adireshin unguwar da ba sa cikinta. Da na dawo kuma, rautar da ba ta san na ba kaina ɗaki ba ta ɗauki lambar ta miƙa wa firinta. Akawunmu ya wuni yana kashe firinta yana kunnawa, yana tsine wa wanda ya sayar mana da ita. Ina jinsa, na yi ta buga kibod da ƙarfi irin na wanda aiki ya sha wa kai.

Akwai kuma lokacin da na yi abin kirki na raɗa wa shafukan gwajina sunaye, kowanne na ƙare shi da .dev, kamar yadda masu sana'ar da yawa suke yi a lokacin. Ashe kamfanin Google ya riga ya mallaki .dev a hukumance. A watan Disambar 2017 Chrome 63, burauzar Google, ya fito, ya ce duk sunan da ya ƙare da .dev ba zai buɗe shi ba sai ta amintacciyar hanya ta HTTPS. Dare ɗaya shafukana suka rufe, kamar na dubban mutane a duniya. Su sauran suka yi ƙorafi na kwana biyu suka koma .test, wanda tun 1999 aka keɓe shi musamman don gwaji tare da .example da .invalid da .localhost, ba kuma za a taɓa sayar wa kowa ba. A 2024 ma hukumar ICANN ta ƙara keɓe .internal don amfanin cikin gida. Ni kuwa na samu abin da nake nema. Na zagaya ofis ina cewa, "Kun gani ko? Suna yana da mai shi. Lamba kuwa ba ta cin amana." Na yi shekaru ina cin wannan hujjar, ba ta ƙare ba.

Lamba kuwa ta ci amanata ba sau ɗaya ba. Mafi sauƙi ita ce ta WordPress, abin gina shafukan intanet, wanda ke rubuta adireshin da aka kafa shi da shi a cikin rumbunsa, ya riƙa neman hotuna da kwalliyar shafi a can. Na kafa wa wani Alhaji shafin kamfaninsa a kan lamba, na ɗauki laftof na je nuna masa, muka hau Wi-Fi ɗin ofishinsa, lamba ta canza. Shafi ya buɗe tsirara: baƙin rubutu a farin allo, ba hoto, ba launi, duk abin da ka taɓa sai ya tafi neman tsohon adireshi ya ɓace. Alhaji ya gyara gilashi ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "To, Malam, ai ya yi. Sai dai ko za a ɗan sa masa kala?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ginshiƙin ne tukuna."

Wadda ta fi ciwo ta SSH ce, manhajar da muke shiga kwamfuta da ita daga nesa. Wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya rubuta ta a 1995 bayan an yi satar kalmomin sirri a layin jami'arsu, don haka da zargi aka haife ta. Ranar farko da ka shiga wata kwamfuta takan karɓi hatiminta ta ajiye a fayil ɗin known_hosts, kusa da adireshin da ka bi. Duk ranar da ka bi adireshin nan ta tarar da wani hatimi daban, sai ta ja birki, ta cika maka allo da jerin @@@, ta ce wanda ke can ba shi ne wanda ka sani ba, wataƙila wani ne ya shiga tsakani. Gargaɗi ne da ya kamata in mutum ya gan shi gabansa ya faɗi. Ni da yake kwamfutocina kullum cikin musayar ɗaki suke, kusan kowace safiya sai mun gaisa da shi, har yatsuna suka koyi amsar ba sai sun shawarce ni ba: ssh-keygen -R, lamba, a wuce.

Wata Litinin na shigo da niyyar share rumbun gwajina in sake cika shi. Na shiga ɗari da huɗu. Gargaɗi ya fito, na kore shi. Kalmar sirri ta karɓu, kuma me zai hana, tunda duk kwamfutocin ciki na ofis ni na kafa su, sunan shiga ɗaya, kalmar sirri ɗaya. Sunan da ke gaban layin umarni ma bai cece ni ba, domin duk lokacin da Ubuntu, Linux ɗin da nake sa musu, ya tambaye ni sunan sabuwar kwamfuta, "test" nake bugawa don ya ƙyale ni in wuce. Na ba da umarnin gogewa. Ya goge, ba gardama. Ban kai ga ɗaukar kofin shayi ba na ji daga ƙuryar ofis an ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Wani yaronmu ne, mai haƙuri, wanda ya ba da Asabar ɗinsa yana shigar da sunaye da maki na gwaji a manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. An ɗauke wuta a ƙarshen mako, tasa kwamfutar cikin ta riga tawa sallama, ɗari da huɗu ta zama tasa.

"Oga, rumbuna babu komai a ciki."

Na taso da nauyi irin na manya, na tsaya a bayansa, na dubi allon ina girgiza kai. Sannan, Allah ya yafe mini, na yi masa nasiha mai tsawo a kan muhimmancin ajiye kwafi. Ya ce, "Haka ne, Oga, na gode." Da la'asar na aika aka sayo masa tsire, ban ce na mene ne ba. Ya ci, bai tambaya ba. Ina jin daga yawan tsiren ya gane.

Ko wannan bai sa na canza ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ni kuma turken nawa da hannuna na kafa shi na bi shi da siminti. Wadda ta tuge shi wata 'yar bautar ƙasa ce da aka turo mana, shiru-shiru, ba ta cika magana ba. Ta yi 'yan kwanaki tana bin layin masu tambayar lamba kamar kowa. Wata safiya ta tsaya a gefen teburina ta ce, "Oga, don Allah in ba damuwa, ko zan iya sa wani ɗan abu a kwamfutocin cikin nan?"

"Wane abu?"

"Avahi."

Na ce, "Malama, ai na san shi tun kina sakandare." Gaskiya na faɗa, kuma wannan ne munin abin.

Ta ce, "Na sani, Oga. Shi ya sa na ce ko kai za ka duba mini in na yi daidai."

Mutum ya yi yaya da irin wannan ladabi? Na matsa mata. Ta shiga kwamfutar rumbu, ta buga hostnamectl set-hostname rumbu, ta sauko da avahi-daemon, ta sake kunna ta. Ta yi wa ta shafi haka. Ta koma kan tata laftof ta rubuta rumbu.local, sai ga shi ta shiga. Shayina ko hucewa bai yi ba. Don ta tabbatar, ta roƙi izini ta zare wa rauta wuta ta mayar, lambobi suka yi musayarsu yadda suka saba, ta sake kiran rumbu.local, ya amsa.

Dabarar ba wata mai zurfi ba ce. A gidan hayar nan, in ka zo neman mutum ba sai ka san ɗakinsa ba. Ka tsaya a zaure a ce ana sallama da wane, kowa ya ji, mai sunan ya fito. Laftof ɗinta tana jefa tambaya ga duk wanda ke kan layin, ta wani adireshi na kowa da kowa, 224.0.0.251, a ƙofa ta 5353: wa ake kira rumbu? Mai sunan ta ce ni ce, ga lambata ta yau. Ba littafi, ba ofishi, ba Oga. Stuart Cheshire na kamfanin Apple ne ya jagoranci aikin. Apple ya fitar da shi a 2002 da sunan Rendezvous, ya koma Bonjour a 2005, aka buga ƙa'idarsa ga kowa a 2013, Avahi kuma shi ne na Linux. Ta wannan hanyar firinta ke bayyana a laftof ba tare da kowa ya shigar da lamba ba. Wato firintar da na taɓa ƙwace wa ɗaki ta daɗe tana yin abin da na ƙi yi.

Ban miƙa wuya nan take ba, ina da mutuncin karewa. Na ce sallamar nan ba ta tsallake rauta zuwa wani layin. Ta ce haka ne, Oga. Na ce a Wi-Fi na otal da wuraren taro sukan toshe baƙi kada su ji juna, can ba zai yi ba. Ta ce haka ne, Oga. Na ce tsofaffin wayoyin Android ba su san .local ba, kuma in kwamfuta biyu suka ɗauki suna ɗaya, ta biyun sai ta laƙa wa kanta -2 a wutsiya, a koma gidan jiya. Duk gaskiya ne, kuma duk ta amsa da haka ne. Sannan ta ƙara wa kowace kwamfutar ciki katin sadarwa na biyu a keɓantaccen layin nan na 192.168.56, yadda ko a jeji nake ba Wi-Fi, laftof ɗina zai kira su da suna su amsa. Ta kuma kawo shawarar a ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da ke shan ƙura a sito a sa mata dnsmasq, 'yar manhajar Simon Kelley da ke haɗa aiki biyu, rabon lamba da riƙe sunaye, tana kuma rubuta wa ta ba me a faifai, ko an ɗauke wuta ba ta mantawa. Da ita har wayoyin ma sun huta. A nan na tuna ni ne Oga. Na ce shawara ce mai kyau, a bari a zauna a yi nazari. Ana nan ana nazarin.

Ofis ya yi tsit da safe yanzu. Mutane su shigo, su gaishe ni, su zauna su kama aiki, ba mai leƙowa ta saman allo. Na makara wata rana da gangan, na ajiye waya a kan cinya ina jira, ba ta yi ƙara ba. Fayil ɗin hosts ɗina yana nan ban goge ko layi ɗaya ba. Kuma akwai abin da nake yi in na tabbata ba mai kallo: in buga ping rumbu.local, in ga lambar da ta fito, in rufe, sannan in shiga da lambar. Ba shi da wani amfani, har ƙarin aiki ne.

Kwamfuta ɗaya na hana a taɓa, mai tsohuwar PHP ɗin nan. Na ce kwastoma ya yi gargaɗi kada a ƙara mata komai, wanda gaskiya ne a kan sabarsa, ba a kan kwafin da ke laftof ɗina ba. Har yau sunanta "test", har yau sai an zo wurina. Aikin kwastoman kuma a hannun 'yar bautar ƙasar yake, don haka kowace safiya takan tsaya a gefen teburina ta ce, "Oga, ina kwana. Yau ina ta PHP take?" Ni kuma in faɗa ba tare da na ɗaga kai ba.

Kwanan baya na ce mata ɗari da tara. Ta ce, "Na gode, Oga," ta koma ta zauna, na ga tana ta aiki a kanta har wajen sha ɗaya. Can ni ma na buƙaci shiga, na buga ɗari da tara, shiru. Na sake, shiru. Na buɗe 'yar tagar na matso da hanci: ɗari da goma sha biyar. Ashe an ɗauke wuta da asuba, lambar jiya na ba ta. Na tashi kamar mai zuwa ɗibar ruwa, na bi ta bayan kujerarta. A ƙuryar allonta shafin rauta ne a buɗe, da jerin duk wanda ke kan layi da lambarsa, ga "test" nan a tsakiya.

Washegari ta tsaya a gefen teburina ta ce, "Oga, ina kwana. Yau ina ta PHP take?"

Na ce, "Ɗari da goma sha biyar."

Ta ce, "Na gode, Oga."